Albashi ko Sana'ar Kai: Wanne Ya Fi Kawo wa Baƙo Kuɗi a Ƙasar Waje?

Duk wanda ya yi shekara biyu ko uku yana aikin albashi a ƙasar da ba tasa ba, akwai ranar da tunanin nan zai faɗo masa: me zai hana in ajiye aikin mutane in kama nawa? Yana ganin wanda suka iso tare ya buɗe shago, wani ya sayi mota yana ɗaukar fasinja ta manhaja, shi kuwa duk ƙarshen wata adadi ɗaya ne ke shiga asusunsa. Ba shi kaɗai ba ne. A ƙasashe da dama baƙi sun fi 'yan ƙasa rungumar sana'ar kai, kuma masanin tattalin arziki George Borjas ya nuna haka game da Amurka tun 1986. Sai dai yawan masu shiga ba ya nuna yawan masu samu. Wasu kasuwa ce ta kira su. Wasu kuwa ƙofar aiki aka rufe musu, saboda harshe, ko shaidar karatun da ba a yarda da ita ba, ko sunansu kawai da aka gani a takardar neman aiki. Wanda aka kira da wanda aka koro duk suna cewa suna cin gashin kansu, amma aljihunsu ba ɗaya ba ne.

## Abin da za a auna

Na farko shi ne abin da ya rage a hannu. Ciniki daban, riba daban, kuma a nan yawancin lissafi ke karkacewa. Sai an cire haya, kaya, mai, gyara, inshora, haraji da kuɗin ruwan bashi, sannan a raba ragowar da awannin da aka yi. Awannin kowa fa, har da na matar gida da ke tsayawa kan kanta da safe, da na yaron da ke jera kaya bayan ya taso makaranta.

Na biyu jari: nawa ne, daga ina zai fito, in ya narke idon wa za ka kalla. Na uku ɗorewa, wato ko hanyar za ta riƙe ka ranar da ka kwanta rashin lafiya, da ranar da ƙarfi ya ƙare. Na huɗu sauƙin farawa, wanda ga baƙo kusan duka maganar takardu ce. Na biyar haɗari, da kuma wanda asarar za ta faɗa wa.

Maganar takardu tana gaba da komai, don tana iya soke sauran lissafin tun ba a fara ba. A Birtaniya mai bizar ɗalibi ba shi da izinin sana'ar kai, ko da an ba shi 'yan awannin aikin albashi. A Amurka bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B a ɗaure take da kamfanin da ya nemo wa mutum ita, bizar masu zuba jari ta EB-5 kuwa tana neman aƙalla dala 800,000 tun 2022. A Ghana dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, ta kuma ce baƙon da zai yi fatauci sai ya kawo jarin dala miliyan 1 ya ɗauki ƙwararrun 'yan ƙasa 20. Kafin ka ƙirga riba, karanta abin da aka rubuta a jikin izinin zamanka.

## Me ya sa masana suka saɓa

A 1996 Alejandro Portes da Min Zhou sun duba wata gardama da ta daɗe: wasu masu bincike na cewa sana'ar kai tana ɗaga samun baƙi, wasu na cewa babu wani ƙari. Sun gano cewa saɓanin daga hanyar lissafi yake. In aka haɗa dalolin kowa aka raba, masu sana'ar kai suna gaba. In aka yi lissafin da ke rage nauyin 'yan tsirarun da suka yi fice, fifikon sai ya dusashe. Ma'ana, mutum ɗaya da ya yi kuɗi sosai yana ja wa sauran suna, alhali da yawansu lallaɓawa suke yi.

Barton Hamilton ya zo a 2000 da abin da ya fi ɗaci. Bai tsaya kan baƙi kaɗai ba. Ya jera masu sana'ar kai a Amurka daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, ya ɗauki wanda ya faɗo tsakiyar layi, sai ya ga bayan shekara 10 cikin sana'a samunsa ya gaza abin da zai samu a aikin albashi da kashi 35 cikin 100. Ross Levine da Yona Rubinstein kuma suka nuna a 2017 cewa taron ya kasu biyu: masu kamfani mai rajista sun fi ma'aikatan albashi samu, masu fafutuka su kaɗai kuwa galibi suna ƙasa.

Akwai abin da ke rage kaifin waɗannan alƙaluma. Masu sana'ar kai ba su cika faɗin gaskiyar samunsu ba. Wani bincike na 2014 a Amurka ya ƙiyasta cewa suna rage kusan kashi 25 in an tambaye su. To ko an mayar da wannan kason, tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa tana nan yadda take.

## Aikin albashi

Ba ya neman jari, in ban da kuɗin mota da wahalar neman aikin. Abin da yake bayarwa wanda ba ya fitowa a takardar albashi shi ne rabin nauyin da mai aiki ke ɗauke maka. A Amurka ana cire wa ma'aikaci kashi 7.65 na harajin fansho da lafiyar tsofaffi, kamfani ya biya daidai wannan. Mai sana'ar kai shi ke biyan duka, kashi 15.3. A Birtaniya ma'aikaci yana da hutun mako 5.6 a shekara da biya. A Jamus mai aiki da ma'aikaci ke raba kuɗin inshorar lafiya, mai zaman kansa kuwa ya ɗauka shi kaɗai.

Aibinsa ga baƙo sananne ne. Injiniya ya koma gadi, ma'aikaciyar jinya ta koma goge-goge, saboda ba a karɓi takardarsu ba. Albashin baƙo yakan fara ƙasa da na ɗan ƙasa, ya riƙa matsowa a hankali yayin da harshe ke zama a baki. Ga wanda izinin zamansa ke hannun mai aiki, korar aiki tana iya zama korar ƙasa.

Wani reshe na albashi shi ne aiki a wurin ɗan ƙasarku. Yana da sauƙin samu, ba a neman harshe, ana kuma koyon sirrin kasuwa. Kenneth Wilson da Portes sun yaba wannan tsari a 1980 bisa abin da suka gani wurin 'yan Kyuba a Miami. Shekara bakwai bayan haka Jimy Sanders da Victor Nee suka ce a dakata: masu shagunan ne ke cin moriyar, yaran shago kuwa sun fi samu in suka fita babbar kasuwar aiki. Ni a ganina makaranta ce mai kyau, amma ba wurin tsufa ba ce.

## Aikin manhaja

Tuƙi, kai saƙo, ɗaukar kaya. Nan ne baƙi suka fi tururuwa, don a 'yan kwanaki ake farawa, babu mai yi maka tambayoyin ɗaukar aiki, babu ruwan kowa da lafazinka. Kuɗi na shigowa duk mako. Nan ne kuma lissafi ya fi yaudara.

Ga misali, na ƙirƙira adadin don a ga yadda abin ke tafiya. A ce direba a Amurka ya yi awa 60 a mako, ya ci mil 800, manhaja ta turo masa dala 1,300 bayan ta cire kamashonta. Hukumar harajin ƙasar ta ƙiyasta kuɗin tafiyar mota a kan santi 70 kowane mil a 2025, wato mai, taya, gyara, inshora da tsufan motar. Mil 800 ya cinye dala 560. Saura 740. Harajin masu zaman kansu ya ɗauki kusan 105. Saura 635, wato ƙasa da dala 11 a awa. Maƙwabcinsa da ke aikin sito a kan dala 17 a awa yana yin awa 40, a cire masa kason da ke kansa, ya tashi da kusan 628. Kusan kuɗi ɗaya ke nan, ɗaya a awa 60, ɗaya a awa 40, kafin harajin samu da ke kan kowannensu. In na siton ya ƙara awa 20, doka ta ce a biya shi ninki ɗaya da rabi.

Direban ba ya jin zafin 560 ɗin nan a makon, don mai kawai yake saye. Taya da giyar mota da faɗuwar darajar motar suna jiran ranarsu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sannan a tambaya, wannan zaman kai ne kuwa? Ba kai ke yanka farashi ba, ba ka san kwastoma ba, ana iya rufe asusunka cikin dare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a watan Fabrairun 2021 cewa direbobin Uber, manhajar ɗaukar fasinja, da suka kai ƙara ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. A 2021 ɗin dai Sifaniya ta yi dokar da ke ɗaukar masu kai saƙo na manhaja a matsayin ma'aikata. Inda babu irin wannan kariya, nauyin mai kasuwa ne a kanka, ikon mai kasuwa kuwa yana hannun wani.

Mafi muni shi ne cin bashi mai nauyi don shiga harkar. Lasisin tasi na birnin New York ya haura dala miliyan 1 wajen 2014. Direbobi, akasarinsu baƙi, suka ci bashi suka saya suna ganin sun yi tanadin tsufa. Da manhajoji suka cika gari, darajarsa ta faɗi ƙasa da dala 200,000, bashin kuwa bai motsa ba. Sai da direbobi suka yi yajin cin abinci a 2021 kafin a cimma yarjejeniyar rage shi.

## Shago da saye da sayarwa

Nan jari yake da nauyi: kuɗin ajiya na haya, gyaran wuri, cika kanta da kaya, da abin da za a ci na watannin da ciniki bai kankama ba. Baƙo sabon zuwa ba shi da tarihin bashi a banki, don haka kuɗin yakan fito daga tarin gumi, dangi, ko adashe. 'Yan Koriya a Amurka sun yi suna da nasu adashen da suke kira kye. Bashin dangi ba shi da ruwa, amma in jari ya karye yakan tafi da zumunci.

Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna abu ɗaya: cikin sababbin wuraren kasuwanci, kusan ɗaya cikin biyar ba ya ganin ƙarshen shekarar farko, kusan rabi ba sa kai shekara biyar. Wanda ya tsallake kuwa yana da abin da ma'aikaci ba zai taɓa samu ba, wato kadarar da za a iya sayarwa ko a bar wa 'ya'ya. A Amurka, Indiyawa, musamman 'yan jihar Gujarat, sun fara da ƙananan masaukai na bakin hanya, iyali na kwana a ɗakin bayan teburin karɓar baƙi suna wanki da shara da kansu. Yau ƙungiyar masu otal 'yan asalin Asiya ta ce mambobinta ke da kusan kashi 60 na otal-otal ɗin Amurka. Indiyawan da Idi Amin ya kora daga Uganda a 1972 sun isa Birtaniya kusan hannu rabbana, amma sun je da sanin kasuwa da Turanci, da yawansu suka sake miƙewa. Ba shagon ne ya yi su ba, abin da suka shiga shagon da shi ne.

Tarkon wannan hanya shi ne dogaro da 'yan ƙasarku kaɗai. Su ne kwastomomin farko, su ne kuma masu cewa a rubuta. Kasuwar ƙarama ce, da an ga kana ciniki wani zai buɗe irin naka a layi ɗaya, sai a koma karya farashi da tsawaita awanni. Shagon da ɗan gari bai taɓa shigowa ba yana da rufin da ba ya wucewa.

Haɗarinsa ya wuce na kasuwa. Shago a fili yake, kowa ya san na baƙo ne. A tarzomar Los Angeles ta 1992 shagunan 'yan Koriya sama da 2,000 aka ƙona ko aka wawashe, da yawa ba su da inshorar kirki. A Afirka ta Kudu hare-haren ƙin baƙi na Mayun 2008 sun ci rai sama da 60, shagunan baƙi na cikin abin da aka fara afka wa. Sai kuma dabarar buɗe kasuwanci da sunan ɗan ƙasa, abin da Saudiyya ke kira tasattur. Hukuncinsa a can ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ko hukuma ba ta kama ka ba, a takarda dukiyar ta mai sunan ce. Ranar da ya juya baya ba ka da inda za ka kai kuka.

## Sana'ar ƙwarewa

Gyaran lantarki, famfo, walda, ɗinki, kitso da aski, fassara, lissafin haraji, rubuta manhaja. Abin da ake sayarwa yana hannu ko a ka, don haka jarin kayan aiki ne kawai, babu kayan da za su kwana su lalace. Kai ke yanka farashi, kwastoma naka ne, wanda ya ji daɗin aiki shi ke kawo na gaba. A cikin hanyoyin zaman kai, wannan ce na fi yarda da ita wajen haura albashi ba tare da an jinginar da rayuwa ba.

Shingenta lasisi ne. A Jamus sana'o'in hannu 53 ne a ƙa'ida sai mai shaidar gwaninta zai buɗe wurinsa, har da lantarki da gyaran gashi. A 2004 an rage su daga 94 zuwa 41, aka mayar da 12 a 2020. Samun irin wannan shaida yana cin shekaru da kuɗi da harshe. Amma shingen da ya wahalar da kai shi ne zai tare masu zuwa karya maka farashi. Rauninta ɗaya: ranar da hannu ya tsaya, kuɗi ya tsaya, sai in ka kai matakin ɗaukar ma'aikata.

## Raba ƙafa

Aiki da rana, sana'a da yamma da ƙarshen mako. Albashi na biyan haya, sana'a na gwada kanta. Gajiya ce kuɗinta, girma kuma a hankali. Sai a tabbata izinin zama da yarjejeniyar aiki ba su hana ba.

| Hanya | Jarin farawa | Samu a awa | Ɗorewa | Sauƙin farawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Albashi | Kusan babu | Tabbatacce, yana da iyaka | Mai kyau, da fansho da hutu | Sai harshe da izinin aiki | Kora, zama ƙasa da matsayinka |
| Manhaja | Abin hawa da inshora | Ƙarami bayan cire kashe-kashe | Rauni | Mafi sauƙi | Rufe asusu, hatsari, bashin mota |
| Shago | Mai nauyi | Daga asara zuwa riba mai yawa | Shekarun farko ne gwaji | Mai wuya | Karyewar jari, hari, doka |
| Ƙwarewa | Matsakaici | Yakan haura albashi | Mai kyau in akwai lafiya | Sai lasisi | Rashin lafiya, jinkirin biya |
| Raba ƙafa | Kaɗan | Albashi da ƙari | Mai kyau | Matsakaici | Gajiya, saɓa sharaɗin biza |

Akwai abin da tebur ba ya nunawa. Mai sana'ar kai yakan ji daɗin ɓoye wa hukumar haraji wani kaso, ya ɗauka riba ce. Bayan laifi ne, ranar biya tana zuwa ta wata ƙofa. Birtaniya tana neman shaidar samun fam 29,000 a shekara, tun Afrilun 2024, kafin mutum ya kawo matarsa ko mace ta kawo mijinta. Masu ba da bashin gida a Amurka sukan nemi takardun harajin shekara biyu daga mai zaman kansa. Fanshon gwamnati a can sai an tara kimanin shekara 10 ana biya, kuma gwargwadon abin da aka bayyana ake lissafa shi. Wanda ya rubuta kansa talaka a takarda, talaka za a ɗauke shi ranar da yake son a ɗauke shi mai hali.

## Wa ya dace da wacce

Sabon zuwa wanda harshe bai zauna masa ba, ko wanda izinin zamansa ke rataye da mai aiki, ya riƙe albashi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Haka wanda ke shirin kawo iyali ko neman zama na dindindin cikin shekara ɗaya ko biyu, don takardar albashi ita ce shaidar da ba a cika yi wa gardama ba.

Wanda aka kora daga aiki, ko yake jiran sakamakon jarrabawar lasisi, manhaja za ta riƙe shi na 'yan watanni, da sharaɗin motar da ke hannunsa ce, kuma yana ware kuɗin gyara da na haraji duk mako. Cin bashin sabuwar mota dominta, an gudu ne ba a tsira ba.

Mai sana'a a hannu ko ilimin da aka ƙi karɓa, ya fi masa ya zuba kuɗinsa a neman lasisin ƙasar maimakon kuɗin hayar shago, ya fara karɓar aiki a gefe, ya ajiye albashi ranar da ribar gefen ta yi watanni a jere tana biyan buƙatun gida.

Shago na wanda ya taɓa yin kasuwancin ne, ko ya yi shekaru yana yaron shago a ƙasar har ya san dillalai da dokokinta, yana da jarin da in ya tafi ba zai kwana a titi ba, sunansa ne a takarda, kuma ya riga ya san ta yadda ɗan gari zai shigo ya saya. Mai iyalin da albashi ɗaya ke shigowa gidan ta hannun mata ko miji ya fi kowa damar gwadawa. Wanda kuwa mutum goma ke jiran saƙonsa duk ƙarshen wata a gida, ya raba ƙafa tukuna, ya ware kuɗin aike na wata shida a asusu daban kafin ya sa hannu a takardar hayar kowa.